Wayar Mai Allurar Shanu

Aikina allurar dabbobi ne, kuma rabin aikin a waya yake. A Gaya nake zaune, amma shanun da nake dubawa a warwatse suke, daga Balan har Gafasa da Toranke a ƙasar Ajingi. Makiyayi ba ya ɗauko saniya mai naƙuda ya kawo maka ƙofar gida. Kira zai yi, kai kuma ka hau babur. Mutanen da ba su taɓa shiga aji ba sun haddace lambata tsaf, shi ya sa ko da wasa ban taɓa tunanin canza layi ba. Wayoyin dai nake canzawa, don ba sa ƙarko a hannuna.

Matata ta ce ba shanu ne ke kashe mini waya ba, alwala ce, kuma ban da bakin musu. A aljihun ƙirji nake sa waya, kamar yawancin mazan garin nan. Zan wanke fuska lafiya, in wanke hannu lafiya, da na sunkuya wanke ƙafa sai in ji tas a ƙasa. Babu dakalin masallacin da ban san taurin simintinsa ba tsakanin Gaya da Ajingi. Kullum in ce daga yau a aljihun gefe zan riƙa sa ta, kullum hannuna ya mayar da ita inda ya saba.

Ta ƙarshen babba ce, irin ta shafawa. Na saye ta ne don samarin ruga sun fara turo mini hoton ciwo kafin in taso, kuma ba zan ɓoye ba, ina son yadda take leƙowa daga aljihu. Wata azahar ta faɗi a bakin masallacin unguwarmu. Da na ɗauka, tsaga ɗaya ce siririya a gilashin, amma fuskar ta yi baƙi ƙirin. Ina cikin juya ta sai ta fara ƙara. Na shafa, ba ta ɗauka ba. Na goge hannu a riga na sake shafawa, na danna, na girgiza ta, tana ta kuka a tafin hannuna har ta katse. Ta sake, ta kuma sakewa. Ban ga lamba ba, ban san daga wace ruga ba ce, na dai san mai gaisuwa ba ya irin wannan naci. Na nemi in cire layin in sa a wayar wani, sai ga shi ba a buɗe wurin sai da allura. Ni da nake yawo da jakar allurai, ranar a gida na bar ta. Kafin a samo ta ɗinki a wani gida a sauya layin, kiran ya tsaya, lambar kuma ta tafi da matacciyar waya.

Washegari na san mai kiran. Wata tsohuwa ce a bayan Toranke, Inna nake ce mata. Mijinta ya rasu, ɗanta ya yi kudu da garken mutane, ya bar mata saniya guda da karsanar da saniyar ta haifa. Nonon wannan saniya shi ne cefanenta, shi ne sabulunta. Kafin ɗan ya tafi ya saita mata lambata a madanni ɗaya na 'yar wayarta, ya ce in wani abu ya taso ta danna nan kawai. Ranar naƙuda ce ta tsaya wa saniyar, ta yi ta dannawa. Da ta gaji sai ta kira maƙwabta, suka ɗaura igiya suka ja maraƙin da ƙarfi alhali kansa a juye yake. Uwa da ɗa duk ba su yi rai ba.

Na je na yi mata jaje, na fito da wayar ina nuna mata tsagar, ina ta bayani. Ta saurare ni har na gama, ba ta ko kalli wayar ba.

"Ai na ji tana shiga, ɗan nan," ta ce. "Da a kashe take, da na ce babu sabis. Amma na ji tana shiga."

Ta ba ni ruwa, ta rako ni bakin danga. Daga ranar, in na bi ta wajen za ta amsa gaisuwata da kyau, amma ba ta sake kirana ba, ko da lokacin rigakafi ya yi. Abin ya tsaya mini a rai. Ga karsanar nan kuma ta ɗauki ciki, cikin fari, kuma ƙugunta tsukakke ne irin na uwarta. Na san ranar tana zuwa, na kuma ƙudurta cewa in wayata ta yi ƙara a ranar, ko a cikin kwata ta faɗa sai na ɗauka.

Mai shagon da nake saye a wurinsa a Gaya ya tarbe ni da murna, don ya san ni ciniki ne mai dawowa. Ya ce in ba shi fasasshiyar, in yi ciko, ya ba ni sabuwar fitowa. Ya jero mini su a kan gilashi, kowace ta fi 'yar'uwarta faɗi. Wannan tana ɗaukar hoto ko a duhu, waccan tana buɗewa da ta ga fuskarka. Na ce masa ni ba mai gane fuskata nake nema ba, mai jure faɗuwa nake so. Ya ce duk suna jurewa, in an sa musu riga da gilashin kariya. Na tuna masa cewa wadda ta mutu da rigarta ta mutu, kuma shi ya sa mata. Ya yi dariya ya ce to sai dai in daina alwala.

Na wuce wurin mai gyara, na tambaye shi wace iri ce ba ta cika zuwa teburinsa ba. Ya ce shi gawa kawai ake kawo masa, bai san masu rai ba, in je in duba aljihun mutane. Da wasa ya faɗa, amma ni na ɗauka da gaske, don kuwa haka makiyaya ke sayen saniya. Ba sa tsayawa ga sheƙin fata. Za su duba haƙori da kofato, sannan su tambayi uwarta: ta daɗe? Tana jure rani? In dangin masu ƙarko ne, sai a yi ciniki.

Ranar kasuwa na shiga kara, wurin cinikin shanu, ba don duba dabba ba. Duk wanda na sani, bayan mun gaisa sai in ce ya nuna mini wayarsa. Wasu suka ɗauka hukuma ce ta aiko ni, wani dattijo ma ya ce shi tasa da rasit. Na ga abin mamaki a aljihunan nan. Samari ne ke da manyan wayoyi, kusan duk da tsaga kamar ƙasar fadama da rani. Dattawa kuwa ƙanana suke fitarwa, masu madannai, an ɗaure bayan da roba, lambobin sun goge ƙarƙaf saboda dannawa. Ɗaya ya ce tasa bijimi ya taka ta. Wani ya ce tasa ta kwana a kwarya cikin nono, ya shanya ta a rana ta tashi. Na san makiyayi da ƙarin gishiri in yana yabon abinsa, amma na lura da abu ɗaya: tsofaffin da suka fi jin jiki kusan duk iri ɗaya ne, 'yar baƙa mai kauri, mai fitila a ka. Na samo dangin da nake nema.

Da na faɗa a gida, matata ta riƙe baki. Ta ce yanzu likita guda zai koma rakani-kashi, abokan aikinsa suna shafawa shi yana dannawa? Na ce su yi ta shafawa. Ta ce hotunan da ake turo mini fa, da saƙonnin ofis? Nan ta kama ni, don gaskiya ne. Na kwana biyu ina juya abin, na yanke cewa za a gyara babbar, in sa mata wani layi, ta zauna a cikin jaka da sauran kayan aiki. Layin da makiyaya suka haddace kuwa, a mai madannai zai zauna. Ta ce ta ji, amma in ba na so ita ma ta bi 'yan'uwanta, in kawo rigunana ta sa wa aljihun maɓalli. Na ce sai na dawo daga kasuwa.

Mai shago ya ɓata rai da ya ji abin da nake so, ya shiga ciki ya fito da kwalaye biyu. Iri ɗaya sak a ido, suna ɗaya, launi ɗaya. Ya ce ɗaya ta fi tsada, amma duk ƙarfe ne. Na san akwai jabu a kasuwa, na kuma san tsada ba ta hana abu zama jabu, ba kuma lalle shi kansa ya san wacce ce wacce ba. Na ce zan gwada. Ya ce in kunna in ji sauti. Na ce ba wannan gwajin ba, a aljihu zan sa ta in sunkuya. Ya ce ba a shagonsa ba, sai in na biya, in ta mutu kuma ta mutu a hannuna. Na auna su a tafi, na zaɓi wadda ta fi nauyi, na biya, na sa layina a ciki.

Na fito kan dakalin shagon, na jefa ta a aljihun ƙirji, na sunkuya kamar zan wanke ƙafar dama. Ta sulɓo ta daki siminti, ta rabu uku: murfi can, batir can, gangar jiki a gabana. Masu shagunan kusa suka fashe da dariya, wani ya ce Allah ya ji ƙanta. Ban kula su ba. Na tattara, na mayar da batir, na rufe, na kunna, ta kawo haske. Na ce wa mai shago ya kira ni. Ta yi ƙara, na rufe ido na lalubi madannin da babban yatsa, na danna, na ji muryarsa a kunnena yana cewa lalle yau ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Na sake jefa ta a aljihu na sake sunkuyawa, don sau ɗaya yana iya zama sa'a. A karo na biyu babu wanda ya yi dariya, har mai gyara ya taso daga teburinsa ya zo kallo.

Matata ta sa maɓallan, ni kuma rabin lokaci ina mantawa in ɓalla. Wayar ta ci gaba da faɗuwa, tana ci gaba da tashi, har na sa mata roba irin ta dattawan kara. Na bi ta Toranke na nuna wa Inna, na ce ga sabuwa, wannan ba ta ƙin ɗauka. Ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da tankaɗenta. Na duba karsanar daga nesa, cikin ya sauka sosai. Na ce ko da wane lokaci ne ta danna. Na hau babur na tafi.

Da damina ta yi nisa, wata hantsi ina Balan ina yi wa wani bijimin huɗa wankin rauni, ana yayyafi, hannuwana duk magani da jini. Bijimin ya yi wani fizga, na sunkuya in kauce, wayar ta faɗa cikin taɓo. Tana kwance a wurin ta fara ƙara. Na tsamo ta da yatsu biyu, fuskar duk laka, ban ga komai ba, kuma ban buƙaci gani ba. Na danna da guiwar yatsa na kai kunne. Sai na ji numfashi.

"Ɗan nan, kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"Ta fara tun safe. Ƙafa ɗaya kawai nake gani."

Na ce kada kowa ya ja, ko waye, ta ɗora ruwa ta nemo sabulu. Na bar wa mai bijimi sauran maganin na hau babur. Hanyar ta jiƙe, na faɗi a wani kwari, na tashi na ci gaba. Da na isa na tarar da maƙwabtan nan da igiyarsu a hannu, Inna kuwa ta tsaya tsakaninsu da karsanar da muciya, ta hana kowa matsowa. Na wanke hannu na zura shi cikin karsanar. Ɗaya ƙafar a lanƙwashe take can ciki. Na tura maraƙin baya a hankali, na lalubo kofaton na rufe shi da tafina don kada ya yaga uwar, na miƙe ƙafar. Sai a sannan na karɓi igiyar, na ce su ja in ta yi nishi, su saki in ta huta. Maraƙa ce ta fito, ta yi atishawa, uwar ta juyo tana lasarta. Na zauna a ƙasa cikin taɓon, kuma daɗin da na ji ban san ranar da na ji irinsa ba.

Inna ba ta yi mini doguwar godiya ba. Hannu ta miƙo ta ce in ba ta wayar. Ta juya ta, ta duba robar, ta goge lakar da bakin zaninta har cikin madannan, ta miƙo mini ta ce in ɓalla maɓallin aljihun.

Yanzu maraƙar ta girma, nono ya dawo gidan. Amma kusan duk Juma'a bayan an sauko, wayata takan yi ƙara, in ɗauka, in ji Inna. Nakan tambaye ta ko wani abu ya sami shanun.

"Lafiyarsu ƙalau," takan ce. "Dannawa na yi in ji ka ɗauka."