Inna Mai Sikeli da Kwamfutar da Ba Ta Taɓa Goyo Ba

Shekara ashirin da shida Inna Mai Sikeli tana auna jarirai a asibitin yaran unguwarmu, ni kuma ina teburin kati kusa da ita. Kafin ta ɗora yaro a sikeli ta riga ta faɗi nauyinsa. "Ido ba mudu ba, ya san kima," in ji ta. To mai wannan idon aka kawo wa kwamfuta.

Aikin na'urar ɗaya ne. Duk yaron da ya kai shekara ɗaya da rabi, sai ta jero tambayoyin da za a yi wa uwarsa. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna abu da yatsa? In "a'a" ta yi yawa, sai ta ce likita ya duba ko akwai alamun galahanga, lalurar da ke hana yaro magana da mu'amala da mutane.

Inna ta tsane ta. "Ke da ko goyo ba ki taɓa yi ba," take ce mata. Sai ta samo dabara: ita ke tambaya, ita ke amsawa. "Yana waiwayowa ko? Yana yi mana." Kafin uwa ta buɗe baki an danna "eh". Wata uku ba a tura kowa ba, har likita ya yaba lafiyar yaran unguwar.

Ran nan 'yar Inna ta kawo ɗanta, wanda kullum Inna take cewa miskili ne kamar kakansa.

"Yana waiwayowa ko? Yana..."

"Inna, ba ya yi," in ji 'yar.

"Ke rufa mana baki, a hannuna aka haife shi."

"To kira shi."

Yaro na tsugune yana juya tayar keken marasa lafiya. Inna ta kira, ta tafa, ta kaɗa makullai, ko gezau bai yi ba. 'Yar ta fashe da kuka. Ashe wata shida tana son ta faɗa, tana tsoron bakin uwarta.

Wallahi na tausaya wa Inna ranar. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta danna "a'a". Na'ura ta ce a ga likita, Inna da kanta ta goya shi ta kai.

Washegari ta tsaya a kaina. "Ɗan nan, fito min da katunan wata ukun nan duka. Iyayen zan kira ɗaya bayan ɗaya, su amsa da bakinsu." Ta harari kwamfutar. "Ke kuma kar in ji kin faɗa wa kowa."