Jirgin Munzali

Munzali ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, don haka ina da damar faɗin abin da wasu za su ji nauyin faɗa: tun yana yaro a Fagam matsoraci ne. Duhu ko kare ba su dame shi ba, abin da yake tsoro shi ne kada a ce ya manta wani abu. In ya ɗaure akuya a turke, sai ya yi nisa ya dawo ya ja igiyar ya ji. Ni na laƙaba masa Sake-duba, sunan kuwa ya bi shi har Birnin Kudu, inda aka kai shi koyon walda wurin Malam Jafaru mai gyaran salansa a bakin titi.

Malam Jafaru ya sha fama da shi. Direba na ta danna ham, fasinja na tsaki, shi kuwa gogan ba zai sallami mota ba sai ya toshe bakin salansa da tsumma, ya bi ta da ruwan sabulu yana neman inda kumfa za ta tashi. Da karatu ya ja shi har Zariya, muka ji an ce gyaran jirgin sama yake koyo, na ce alhamdulillahi, ciwon nasa ya sami inda zai zama sana'a.

Ya sami aiki da wani kamfani mai ƙananan jirage, irin masu feshi a gonaki. Mu a gida mun ɗauka tuƙi yake yi. Sai da na tsare shi ya ce mini har yanzu salansa ce dai aikinsa, sai dai ta jirgi. Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba. Ya ce a injin jirgin akwai wata 'yar fanka da hayaƙi ke juyawa don ƙara ƙarfi, turbo suke ce mata, bututun da ke wurin kuma yakan yi zafi har ya yi ja. In ya tsage, hayaƙin da zai fito wuta ce tsagwaronta, kuma tiyon mai na nan kusa da shi. Ko kuma hayaƙin ya sulale wurin matuƙi, barci ya ɗauke shi a sama. Kullum da tocila da ɗan madubi yake bin bututun nan, jirgi kuwa ba ya tashi sai ya sa hannu.

Bara jan-baki suka sauka a yankinmu dab da kaka. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba ba zai gane ba: kana tsaye za ka ga sama ta yi duhu, kafin ka gama salati sun bar maka zangarniya fayau. Yaya Iliyasu, wan Munzali, shi ke noma gonar gidan, kuma dawar da ke cikinta ita ce tuwon gidan na shekara, har da na mahaifiyarsu Inna Kaltume. Mutanen gari suka fara shawarar a yanke dawa tun ba ta gama ƙosawa ba, gara guntun gatarinka da sari ka ba ni.

A daidai nan aka turo jirgin su Munzali Dutse don ya yi feshi a fadamar da tsuntsayen ke kwana. Ya sauka a gidana a Birnin Kudu, daga nan yake zuwa filin jirgi. Ina jin sa da kunnena yana waya.

"Yaya, kada ku yanke. Ranar Alhamis za mu zo, in sha Allahu."

A iya sanina da shi, ranar ce kaɗai ya yi magana bai sake dubawa ba. Inna kuwa ta yayata a gidan suna cewa jirgin Munzali na tafe. Yaya Iliyasu ya rataye lauje, maƙwabta da yawa suka bi sahunsa, tunda ai ɗan gida ne ya faɗa.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga shi ya shigo, a lokacin da ya kamata a ce jirgi na shirin tashi. Ya zauna a bakin rijiya ko takalmi bai cire ba.

"Sake-duba, lafiya? Ko ka manta ka kulle jirgin ne?"

"Kubra, na hana shi tashi."

Ya ce da hantsi ya ga wani ɗan layin toka-toka a bayan bututun, dab da turbo. Ya toshe, ya hura iska, ya shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa ƙanana suna fitowa. Na ce to ba kai ne mai walda ba, ka ɗana masa wuta mana. Ya ce na jirgi ba a yi masa haka a filin Allah, sai dai sabo, sabon kuma sai an aiko daga waje.

"Shi matuƙin me ya ce?"

"Da ma faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi. Kyaftin Abdulsamad cewa ya yi, 'Injiniya, in ka ce in tashi, zan tashi.'" Ya murza goshi. "Wataƙila fa ya je ya dawo lafiya, Kubra. Wataƙila ya yi sawu goma bai fashe ba. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba, don nima daga rumbun nan ake auno mini. Kuma na ji tausayinsa. Wayarsa na ta ruri a aljihu, sunan Yaya ne, ya kasa ɗauka. Ni na karɓa na faɗa masa jirgi ba zai zo ba. Ina jiyo ƙarar gwangwanaye da ihun masu korar tsuntsu a bayan Yaya Iliyasu, sai ya ce, "Halin nasa ne ya motsa ko?" Ya kashe.

Kwanakin da suka biyo baya Munzali bai ci abin kirki ba. Kullum sai ya koma ya sake hura iska a bututun nan, ko kumfar za ta fasa fitowa. Ba ta fasa ba. Kafin sabon ya iso an haura mako. An yi feshin, tsuntsaye sun ragu, mutanen wasu garuruwa sun tsira da nasu. Namu kuwa an yi wa mai dami ɗaya sata, abin da aka tattara daga gonar gidan ko rabin rumbu bai kai ba. Na maƙwabtan da suka jira jirgin Munzali ma haka.

Na raka shi Fagam, don na san shi kaɗai ba zai iya shiga ba. A hanya babu wanda ya zage shi. Gaisuwa kawai ake amsawa a gajarce, wanda ya fi zagi ciwo. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Da Yaya Iliyasu ya shigo, Munzali ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya buɗe jaka ya ciro guntun tsohon bututun, wanda ya roƙa aka yanko masa.

"Yaya, ga abin da na gani."

Yaya Iliyasu ya karɓa da hannu biyu. Ba mugu ba ne, na ga yana so ya gani. Ya fita tsakar gida inda rana take, ya ɗaga ƙarfen, ya juya shi, ya goge da bakin riga, ya kanne ido ɗaya. A bayansa rumbun na nan a buɗe.

"Ina wurin?"

Munzali ya matso ya ɗora farce a kai. Yaya ya sake dubawa, ya daɗe, sannan ya miƙa masa kayansa.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri," in ji shi. "Amma ni dai ban ga komai ba."

Guntun ƙarfen yana nan a jakar Munzali har yau. Ran nan na same shi a zaure ya haska shi da tocila, sunan da na sa masa ya zo mini har baki, na haɗiye.