Muryar Baba Ta Makara a Hanya

Shekarun nan da duk inda ka juya a garin Sabha na Libiya taswirar Afirka ce a allunan bakin titi, baƙi na ta shigowa, ni ina aiki a wani shagon intanet a unguwar Mahdiya. 'Yan kwamfutoci ne, sai wani lungu da ake kiran waya ta intanet don ya fi araha. Layi ɗaya duk muke sha. Akwatin da ke raba layin kuwa bai san babba ba, bai san yaro ba. Murya, hoto, waƙa, duk jeruwa suke a cikinsa kamar motoci a shingen 'yan sanda, wanda ya riga shi ke wucewa. In shago ya cika, magana sai ta makara.

Wata rana da hantsi wani magini ɗan Tanut ya faɗo, jaka a kafaɗa. Motar Tarabulus na jiran sa, shi kuma ya rantse ba zai hau ba sai babansa ya sa masa albarka. Na haɗa su. Tsohon ya yi magana, muryar ta tsaya a hanya, magini ya ji shiru ya fara tasa, sai karo. Haka dai, haka dai. Wayar akwai ƙara, duk muna jin tsohon: "Kai! Libiya ce ta koya maka katse ni?"

Magini ya leƙo, gumi sharkaf. "Ɗan'uwa, wallahi ba ni ba ne."

Na sani. Na bi kujeru ɗaya bayan ɗaya, don Allah a tsayar da komai. Wani direba ɗan Agadas da ke sauke waƙoƙi ya ce, "Haba malam, saura ƙiris fa! Baban nasa gwamna ne?"

"Maigida, albarka ce ke hanya, waƙarka ta tare ta."

Ya ja tsaki, ya tsayar.

Layi ya washe. To amma magini ya riga ya tsorata, ya ƙi buɗe baki. Shago tsit, kowa hannu a cinya, motar Tarabulus sai hon take a waje. Can muka ji tsohon: "Kana nan kuwa?"

"Ina nan, Baba."

"To, yanzu ka yi hankali. Je ka. Allah ya tsare, Allah ya yi maka albarka."

Magini ya fice da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Ɗan Agadas kuwa ya koma sauke waƙarsa tun daga farko, yana zagina ƙasa-ƙasa.