Danna Ɗaya In Da Sauƙi

A shekarun da nake son ba ku labari, in ka shigo kasuwar Gwaram ka ji rumfar masu riɗi ta kece da dariya, ba sai ka tambaya ba, ni ne nake bayani. Dillalin riɗi ne ni da gyaɗa, mai baki kamar rediyon da makunninta ya lalace, ga tumbi wanda abokaina ke cewa yana riga ni shiga masallaci da raka'a guda. Ban taɓa ganin abin da ya fi ƙarfin raha ba. To yau da nake rubuto muku wannan, wallahi ba dariya a bakina. Raina a ɓace yake, kuma rabin fushin da kaina nake yinsa.

Mahaifiyata, Inna, tana da hawan jini. Muna zaune gida ɗaya a wani ƙauye cikin yankin Dingaya, kuma ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san abin da nake nufi. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce wannan, ko mai gidan nan. Ba ta haɗa ido da ni, balle ta gaya mini inda ke mata ciwo. Duk wata sai mun kwashi jiki zuwa asibitin Birnin Kudu a duba ta, mu sha hanya, mu sha layi, ni kuma in rasa cin kasuwa. Nakan ce kafin layin ya zo kanmu, mai lafiya ma ya kamu da hawan jinin.

Ana haka sai wata ƙungiya ta shigo yankinmu da sabon tsari. Wani jami'insu mai riga da tambari ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa, ya nuna mana wata na'ura da ake ɗaurawa a damtse, ta kumbura ta matse, ta sace, sannan ta aika awon ta waya zuwa wurin ma'aikatansu. Ya ce an daina wahalar da tsofaffi a hanya, magani kuma za a riƙa kawowa har gida. Ya ƙara da cewa su ba a biyan su don yawan waɗanda suka kwantar a gado, ana biyan su ne in mutanensu suka zauna lafiya a gida. Na miƙe na ce yau na ga likitan da ke addu'ar kada ka zo wurinsa, aka yi ta dariya. Daga ranar na zama mai shelarsu ba albashi. Har cewa nake yi na'urar nan in ta matse ka tana iya faɗin abin da ka ci shekaranjiya.

Ba zan yi musu ƙarya ba, da farko abin ya yi kyau. Matata ce ke ɗaura wa Inna na'urar, kuma duk mako wata nas takan bugo. Baiwar Allah nan ta san mutanenta. In ta tambayi Inna yaya jiki, Inna ta ce da sauƙi, sai ta yi dariya ta ce ai ta san da sauƙi, amma yaya barci, yaya jiri, ƙeya na sarawa ko ba ta sarawa. Tana tsokanarta tana kiranta amaryar Dingaya har sai ta zaƙulo gaskiya. Akwai lokacin da ta gane ƙafar Inna ta kumbura daga jin yadda take kauce wa tambaya, ta sa aka canja magani. Amma bayan an kwana biyu sai muka daina jin ta. Wai an ga yawan ma'aikata na cin kuɗi, sai aka maye gurbinsu da murya naɗaɗɗiya. Muryar takan gaishe ka, sannan ta ce in da sauƙi ka danna ɗaya, in babu sauƙi ka danna biyu.

Don Allah jama'a, wane ne ya zauna ya tsara wannan tambaya? A wace uwa duniya ya girma? Wane Bahaushe ne za a ce masa yaya jiki ya buɗe baki ya ce babu sauƙi? Mu da ko ana ɗiga wa mutum ruwa a baki da cokali, in ka gaishe shi zai ce da sauƙi, don kada ya yi wa Ubangiji butulci! Da sauƙi gaisuwa ce, ba bayanin ciwo ba ne. Na rantse da a maƙabarta aka buga wannan waya, kowa ɗaya zai danna. Nakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna in ce ga masu waya suna tambayar jiki, ta amsa daga bayan labule cewa da sauƙi, in danna ɗaya, in hau babur in tafi kasuwa.

Sai matata ta tafi Zandam jinyar mahaifinta, aikin awo ya dawo kaina. Na shiga da na'ura na ce Inna ta miƙo hannu. Ta kau da kai ta ce in ajiye nan, an jima. An jima ta zama gobe, gobe ta zama jibi. Ita dai ba za ta naɗe hannun riga ɗanta na fari ya kama mata damtse ba. Can sai ga saƙo cewa duk wanda awonsa ya daina zuwa za a cire sunansa daga masu samun magani. A nan ne shaiɗan ya zo mini a siffar raha. Maimakon in roƙi wata maƙwabciya ta shigo ta ɗaura mata, sai na ce ai jininmu ɗaya da Inna, nononta na sha, na zura hannuna a ciki. Ashe duk tumbin nan jinina lafiya lau yake, kamar na ɗan dambe. Na ji daɗin dabarata, na ci gaba da yi kullum. Ba a jima ba suka aiko da saƙon taya murna, suka ce Inna ta zama abar misali, an rage mata ƙwaya, kuma zuwan da takan yi asibiti jefi-jefi ma an ɗage shi. Babu wanda ya tsaya ya yi mamakin yadda jinin tsohuwa ya koma na saurayi dare ɗaya. Ni kuwa ina rumfa ina cewa uwata ta fi gwamna lafiya.

Alhali alamu na gabana. Na ga tana tamke goshi da ɗankwali tamau. Na ga ta koma salla a zaune. Furar da take damawa da kanta ta daina. Duk na gani, na tambaya daga bakin ƙofa, aka ce da sauƙi, na danna ɗaya.

Wata safiya na dawo daga masallaci na tarar da ita kwance a gindin randa, buta a gefe, baki ya karkace. Ban san yadda na sami mota ba, ban san yadda muka isa Birnin Kudu ba. Likitan da ya karɓe mu ya auna ta, ya dubi awon da ke cikin wayata, ya sake auna ta, sannan ya ɗago ya tambaye ni a hankali hannun wa ake aunawa a gida. Na sunkuyar da kai na ce nawa ne. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini. Ya sunkuya ya ce Inna yaya jiki. Da karkataccen bakin nan, da ƙyar, ta ce da sauƙi. Bai rubuta ba. Ya ɗaga hannunta na dama ya saki, hannun ya faɗi kamar tsumma. Muna tsaye a wurin wayata ta yi ƙara, muryar nan ce, tana so in danna ɗaya ko biyu. Da ba don mutane sun riƙe ni ba, da na aika wayar nan Kano ba mota.

Bayan an sallamo mu jami'in ya zo dubiya. Ya ce shi a wurinsu komai daidai yake, awo mai kyau, amsa mai kyau, laifin na wanda ya zura hannunsa ne. Na ce na ɗauki nawa, kuma zan ɗauke shi har kabari. Amma na tambaye shi wa ya kori matar da ta san da sauƙi ba amsa ba ce, wa ya rage wa tsohuwa magani ba tare da ido ya gan ta ba, kuma wa aka yaba wa saboda sunanta na cikin masu lafiya. Ya ce zai kai ƙorafina sama. Har yau saman ba ta yi ko yayyafi ba.

Ban ce na'ura mugun abu ba ce. Maƙwabcina ita ta cece shi, don shi hannunsa yake sawa. Amma ku masu tsara irin wannan abu, in kuna neman rage kashe kuɗi, kada ku fara da rage kunnen da ya san maganarmu. Ku kuma 'yan uwana masu tsofaffi a gida, kada wanda ya ara wa mara lafiya hannunsa, ko da za a cire suna sau dubu. In kunya ta hana, a nemo wadda ba a jin kunyarta. In an ce muku da sauƙi, ku ce Allah ya ƙara sauƙi, sannan ku ɗaga labule ku shiga ku duba.

Yanzu ni ke ɗaura wa Inna na'urar kowace safiya, don hannun da za ta janye ya daina motsi. Takan juya fuska bango har in gama. In na tambaye ta jiki, har gobe amsarta ɗaya ce. Nakan ce Allah ya ƙara, Inna, sannan in zauna in jira abin da damtsenta zai faɗa.