Baba Simeon da Risibar Malam Tukur

Kullum da safe, kafin 'yan acaɓa su cika bakin kasuwar Ikara, Baba Simeon ya riga ya buɗe shagonsa. Sai ya share ƙofa, ya fito da bencin baƙi, ya gaisa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna gaban teburin da rediyoyi da amfilifayoyi, wato na'urorin ƙara sauti, ke jiran hannunsa. Tun yana saurayi ya zo daga kudancin Kaduna. A nan ya yi aure, a nan furfura ta same shi. Lasifikar masallacin unguwa in ta shaƙe shi ake kira, haka ma ta cocinsu. Yanzu ido ya fara gajiya, ya ce da kakar bana zai ajiye aikin, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Abin da zan ba ku labari, Mukarrama ce ta faɗa mini, wata mai ɗinki 'yar Likoro. Mahaifinta, Malam Tukur, manomi ne mai son hira, amma bara ya koma shiru. A yi masa magana ya ba da amsar da ba ta dace ba, a kunna talabijin ya tashi ya bar ɗakin. Har dangi suka fara raɗe-raɗin cewa hankalinsa ne ya taɓu. Mukarrama ta ƙi yarda. Ta ce ji ne ya yi nauyi, kuma za ta saya masa risiba, wato akwatin da ke karɓar hoto da sauti ya rarraba wa talabijin da sifikoki, mafi ƙara da za a samu a Zariya.

Da ta zo neman shawara, Baba Simeon bai fara da maganar kaya ba. Ya tambaye ta girman ɗakin, da inda tsohon ke zama, da ko yana kallon bakin mutum in ana yi masa magana. Ta ce ƙwarai, kamar zai haɗiye mai maganar.

"To, 'yata, ba ƙara yake buƙata ba," in ji shi. "Murya yake so ta fito wasai, kuma ta zo daidai da motsin baki. In hoto ya makara ko kaɗan, mun ƙara rikita shi."

Ya rufe shago ya bi ta Zariya a motar haya. A can ya ƙi duba manyan lambobin da ke jikin kwali. Kowace risiba sai ya sa an jona, a rage sauti ƙasa, ya saurara ko amfilifayarta tana huci, sannan a ɗaga ya ji ko muryar za ta fashe. Wata mai fitilu kala-kala ta burge Mukarrama, amma da ya taɓa bayanta ya ji ta ɗau zafi tun ba a je ko'ina ba, sai ya girgiza kai. Wata kuma sautinta ya yi, amma hoton da ta aika wa talabijin ya dushe, fuskoki suka yi hazo. Wadda ya zaɓa baƙa ce marar ado, ana iya ɗaga muryar masu magana ita kaɗai ba tare da kiɗa ya danne ta ba. Ya kuma ce lallai ta kai tsohon asibiti a duba kunnensa, don na'ura ba magani ba ce.

Baba Simeon ne ya je Likoro ya haɗa da hannunsa, ya sa sitabilaiza saboda wasan da wuta ke yi, ya ajiye sifikar tsakiya daidai fuskar kujerar Malam Tukur. Aka sa bidiyon sunan jikan tsohon da aka yi a Legas bai je ba.  Liman na cikin addu'a, ya kai wurin da ya roƙa wa jaririn albarka, sai tsohon ya shafa fuska ya ce amin, daidai wurin. Da aka ambaci sunan yaron, ya juyo.

"Au, ashe sunan yayana Yahya aka sa masa? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

An gaya masa, ba sau ɗaya ba. Mukarrama ta ce fita ta yi tsakar gida ta zauna a kan turmi, ta yi kuka mai isarta, don ranar ta tabbata hankalin babanta na nan garas.

Baba Simeon, kai ne ka tambayi halin mutum kafin ka tambayi sunan kaya. Kai ne mai kunnen da ba a yi masa wayo. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido da hutu mai daɗi. Ku kuma masu sana'a, in an zo muku da buƙata, ku fara tambaya: wa zai zauna a gaban abin nan?