Ranar da Na Shiga Meri da Kekena

Shan inna ya kama ni ina 'yar shekara huɗu, don haka ban san tafiyar ƙafa ba. Keken hannu nake tuƙawa, mai taya uku. Da shi nake kai ƙuli-ƙuli kasuwa, da shi nake zuwa biki da gaisuwar mutuwa. Babu inda bai kai ni ba a garinmu, can wajen Dungas, in ban da meri, inda magajin gari yake zama ake yin takardu. Matakala biyar ce a ƙofarta. Mu masu keke a gindin dogon yaro muke tsayawa, har wani ya tausaya ya shigar mana da takarda. Takardun haihuwar 'ya'yana uku duk a gindin itacen nan na dangwala musu yatsa.

Ƙungiyarmu ta guragu ta daɗe tana kai kuka, har bara bayan girbi aka yarda za a zuba mana gangare a gefen matakalar.

Wata safiya ina matsar man gyaɗa sai na ji ƙararrawa a ƙofar gida kamar ana gobara. Aminiyata ce, wadda aka auro daga Waca, ita ma mai keke, ta girme ni da kaɗan, shi ya sa nake ce mata Yaya.

"Ke, fito! Sun cire katako, siminti ya bushe!"

"Yaya, mai nake matsa."

"Man ya jira!"

Ko hannu ban wanke ba. Muka yi tsere cikin rairayi, awaki na watsewa, tana gaba tana yi mini gwalo. Da muka isa sai ta ja birki, ta ce ni in fara, wai ita gabanta faɗuwa yake.

Na hau. Ina tsakiya hannuna mai maiƙo ya zame daga matuƙi, na dawo da baya suuu har ƙasa. Yaya ta kwashe da dariya har da hawaye. Tsohon mai gadi ya taso zai tura ni.

"Baba, don Allah kada ka taɓa!" na ce.

Na murza tafina da ƙasa, na sake kamawa. Sai ga ni a baranda. Na waiwaya, na hango rumbunan bayan gari da rufin lakwal, makarantar bokon yaranmu. Na rangaɗa guɗa ban san ta fito ba. Yaya ma ta hauro, muka shiga tare.

Ciki kuwa sanyi, fanka na juyawa a sama. Sakatare, wanda shekara da shekaru yake fitowa wurinmu cikin rana, ya ɗago kai daga biro, wato teburin aikinsa.

"Lale, Hajiya! Me ke tafe da ku?"

Muka dubi juna. Babu wadda ta zo da takarda ko buƙata.

"Malam, ganin ɗaki muka zo," in ji Yaya.

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya zaga da mu, ya nuna mana inda ake buga hatimi, da wani gajeren tebur da aka ajiye daidai tsayin kekenmu. Na shafa shi, na bar masa shaidar mai.

Saukowa ce ta haukata mu. Ka saki matuƙi kawai, iska ta ɗauke ka. Ɗankwalina ya tashi, keken Yaya ya wuce da ita har cikin tarin yashin magina. Muka sake hawa, muka sake gangarowa, mu da muke da 'ya'ya 'yan mata. Masu jiran takardu suka bar layi suna tafa mana.

Hayaniyar ta fito da magajin gari daga taro. Na zaci faɗa zai yi, sai ya tambaya ko gangaren ya yi.

Ina haki na ce, "Ranka ya daɗe, ya yi. Saura ƙarfen dafawa saboda makafi. Kuma ƙofar bayan gida ba ta cin keke."

Ya sa sakatare ya rubuta. Ƙarfen an kafa shi kafin damina, ƙofar kuwa har yau muna tuna musu.

Da la'asar kafaɗuna suka riƙe, ko muciya na kasa ɗagawa. Maigida ne ya tuƙa tuwo ran nan, ya yi gudaji, muka ci ina ba shi labari ina ƙwarewa da dariya.