Ranar da Goggo Ta Farke Jan Ƙyalle

Jiya na ga mai keke ya ɗaura 'yar tutar ƙasa a madubinsa, sai marigayiya Goggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai.

A shekarun da bama-bamai ke tashi a Gombe, samarin layinmu a Bagadaza ke gadin shinge, suna binciken duk mai shigowa. Da zaɓe ya matso, 'yan wata jam'iyya suka ɗinka jan ƙyalle, launinsu, a kan farin tutar ƙasa da ke kafe a wurin. Samarin ɗaya ɓangaren suka yi fushi, suka janye. Gadi ya watse, ga Juma'a ta gabato, masallaci kuma a layin yake.

Goggo ta ce in raka ta. Ta sa aka sauke tutar, ta zauna a benci tana ƙamshin man shanu, ta kwance rezar da kullum take ƙullewa a bakin zanenta. Ta shiga farke ɗinkin a hankali.

Wani ya ce, "Goggo, na Honarabul ne fa!"

"Ka kai masa abinsa. Mai bam in ya zo, ba zai tambaye ku jam'iyya ba."

Kafin ta gama, masu fushin sun dawo. Tare suka ɗaga tutar, mata na guɗa daga zaure. Aka yi Juma'a lafiya, shinge cike da samari.

Allah Ya haskaka kabarinki, Goggo, Ya bar mu da kanmu a haɗe.